Kartarpur: Amanar da Ke Hannun Musulmi

A gundumar Narowal ta ƙasar Pakistan, kusa da kogin Ravi, akwai wurin ibadar mabiya addinin Sikh da ake kira Darbar Sahib na Kartarpur. A nan Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, ya yi shekarunsa na ƙarshe, a nan kuma ya rasu a 1539. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, sai wurin ya faɗo cikin Pakistan, alhali akasarin mabiyansa suna Indiya. Tsakaninsa da iyaka bai kai kilomita 5 ba, amma shekara da shekaru sai dai su tsaya a garin Dera Baba Nanak su hango ƙubbarsa da madubin hangen nesa.

Ranar 9 ga Nuwamba, 2019 aka buɗe musu hanya ta musamman, wadda mutum 5,000 za su iya bi a kullum ba tare da biza ba. A ranar ce kuma kotun ƙolin Indiya ta bayar da filin Masallacin Babri, wanda aka rushe a 1992, domin gina wurin bautar Hindu.

Mai karatu na iya tambaya: don me ƙasar Musulmi za ta buɗe wa wasu ƙofa a ranar da aka rufe wa Musulmi tasu? Ciwon Babri muna jin sa har gobe. Sai dai adalci a wurinmu ba bashi ba ne da sai an biya mu sannan mu biya, kuma laifin wani ba ya hawa kan wani. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya bai wa Kiristocin Ƙudus aminci a kan majami'unsu, bai kuwa yarda da aƙidarsu ba. Tsare wa mutum wurin ibadarsa daban, gaskata abin da yake bautawa daban.

A watan Mayun 2025, da rikici ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, Indiya ta dakatar da bin hanyar. Wanda abin ya fi shafa shi ne dattijon da ya tara guzirinsa domin ziyara, ba masu mulki ba. Mu da muka san ɗacin shingen da ke hana Falasɗinawa isa Masallacin Ƙudus, bai dace mu yi murna da shingen da ya tare wani ba.

Kiranmu ga ƙasashen biyu shi ne su fitar da wannan hanya daga rigimarsu. Pakistan kuma ta riƙe wurin da kyau, domin amana ce, kuma abin tambaya ce ranar gobe. Allah Ya sa mu dace.