Ƙarfe Tara Ta Same Su A Kwance

Iyaye, idan malami ya aiko cewa ɗanku yana gyangyaɗi a aji, kada ku yi saurin ɗauko bulala. Ku fara tambayar kanku ƙarfe nawa ya kwanta jiya.

A shekarar 2016, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 ya riƙa samun barcin awa 9 zuwa 12 kullum. Lissafin ba wuya. Yaron da zai tashi ƙarfe 6 ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya shirya makaranta, tilas ƙarfe 9 ta same shi a kwance. Amma a gidaje da yawa, lokacin ne ake sauke tuwo, ga talabijin yana ta yi.

Wani zai ce kasuwa ba ta tashi da wuri. Gaskiya ne. Duk da haka a tsayar da lokaci uku: na cin abinci tare, na aikin makaranta, na addu'a da kwanciya. Uba ma ya ajiye waya ya zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.