Haɗa kwamfutar gem da ƙaramin kuɗi: katin hoto ne farko

Duk matashin da ya gaji da buga PUBG ko eFootball a waya, ya fara tara kuɗi don haɗa kwamfutar gem, tarkon farko da ke jiransa shi ne sunan i7. Mai shago na cewa "i7 ce", sai a zaro kuɗi ba tambaya. Alhali Core i7-3770 tun 2012 ya fito, kuma ƙaramin Core i3-12100F na 2022 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Ga shi Windows 11 ba ta karɓar furosesan Intel da ke ƙasa da zubi na takwas a hukumance. Zubin furosesa ya kamata a fara tambaya kafin sunansa.

Amma ko furosesan ma ba shi ne gaba ba. A wajen gem, GPU, wato katin da ke zana hotunan wasa, shi ke ɗaukar mafi yawan aiki, don haka shi ya cancanci kaso mafi tsoka na kuɗin. Radeon RX 6600 mai 8GB yana buga GTA V da Fortnite lafiya lau a 1080p, kuma wat 132 kacal yake ja. Wanda aljihunsa bai kai nan ba zai iya neman GTX 1660 Super na hannu. RX 580 yana da araha, sai dai wat 185 yake ja, kuma da yawa daga cikin na hannu sun sha wahala a haƙar kirifto. Kada a biya kuɗinsa sai an ga ya yi wasa na tsawon lokaci bai ɗauki zafi ya tsaya ba.

Sauran kayan a bi su a hankali. Ryzen 5 5600 a kan madabod B450 ko B550 ya wadatar. RAM ya zama 16GB, guda biyu masu 8GB, domin biyu sun fi guda ɗaya saurin aiki. SSD mai 512GB ya isa a fara da shi, a ƙara daga baya.

Wasu na ganin gara a sayi Ryzen 5 5600G mai katin hoto a cikinsa, a huta. A matsayin matakin farko babu laifi, zai ɗauki ƙananan wasanni kafin a tara kuɗin kati. Manyan wasanni kam za su riƙa sarƙewa.

Wuri ɗaya da rowa ke jawo asara shi ne PSU, akwatin da ke raba wa kayan wuta. Inda ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama, ko ake dogaro da janareta, PSU marar suna na iya ƙonewa ya tafi da kati da madabod gaba ɗaya. A nemi na sanannen kamfani mai wat 550 da shaidar 80 Plus Bronze, a haɗa masa da UPS.

Fitilu masu launi da akwatin gilashi ba sa ƙara gudun wasa ko kaɗan. Da zafin bazara da ƙurar hunturu, akwati mai raga da fanka biyu ya fi amfani. Kuɗin fitilun a ƙara su a kan na kati.