Magarya da Dungas: Wanda ya yi hatsari, a hannun ma'aikacin jinya yake fara faɗawa

Gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram na cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen gundumomin biyu a haɗe sun haura dubu 900, kuma yau sun zarce haka nesa ba kusa ba. Yanki ne na kan iyaka da ba ya rabo da zirga-zirga: 'yan kabu-kabu, motocin dabbobi masu nufar kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da masu jigilar fetur a jarkoki a bayan babur. Inda ake irin wannan hada-hada kuwa, ba a rasa karaya, fashewar kai da ƙuna.

Babban asibitin ƙasa da ake tura masu munanan raunuka yana birnin Damagaram, kusan kilomita 100 daga Magarya. Daga ƙauyukan Dungas tafiyar ta fi haka wuya, musamman da damina. Kafin majinyaci ya ga likitan tiyata, yawanci ya riga ya biyo ta wata ƙaramar cibiyar lafiya ta CSI, inda ma'aikacin jinya ne shugaba, wani lokaci ma ɗalibi mai koyon aiki ne ke tsaye a bakin ƙofa. Abin da aka yi, ko aka kasa yi, a wannan ɗaki shi ke yanke hukunci a kan rayuka da yawa.

Ba a ce yankin bai da ƙwarewar aikin gaggawa ba. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a Magarya, kuma a 2018 ta sanar cewa yara kimanin 10 ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin a tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Wannan gwagwarmaya ta horar da ma'aikata da dama wajen tantance yaron da ya fi galabaita da saka masa ƙarin ruwa ko jini. Sai dai matashin da ya faɗo daga babur ba shi da hular kwano wata jarrabawa ce daban, kuma ba ta samu irin wannan kulawa ba, duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kuma kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Abin mamaki, tushen aikin bai da tsada. Tsarin horon gaggawa da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa suka fitar a 2018 ya ginu kan haruffa biyar, ABCDE: a fara da hanyar numfashi, sai numfashin kansa, sai jini, sai hankalin majinyaci, sannan a buɗe jikinsa a duba ko'ina. Jeren ne ke da muhimmanci. Ido yakan tafi kan ƙafar da ta karye saboda ita ce abin tsoro, alhali jini ko amai da ya toshe maƙogwaro na iya kashe mutum cikin mintuna kaɗan. Jinin da ke tsartuwa ana danne shi da ƙarfi nan take. Idan ya ƙi tsayawa a hannu ko ƙafa, a ɗaure sama da raunin, a rubuta lokacin da aka ɗaure. Idan ana zaton ƙugu ya karye, zane ma ya isa a ɗaure shi tamau. Wanda ake zargin ya bugu a wuya ba a naɗe shi a cusa tsakanin mutum biyu a kan babur, duk da cewa haka ake kawo da yawa daga cikinsu.

Akwai kuma allurar tiranekzamik, mai rage zubar jini. Binciken CRASH-2 na 2010, a kan mutum fiye da dubu 20, ya nuna tana rage mace-mace, bayanan da suka biyo baya kuma suka tabbatar sai an yi ta cikin sa'o'i 3. Idan sai a Damagaram za a same ta, mutumin Dungas na iya isa bayan lokacin ya wuce.

Ƙuna ma na buƙatar shiri. Fashewar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 150, ta faru ne a jihar da ke maƙwabtaka da waɗannan gundumomi. Ruwa mai tsabta na tsawon minti 20 shi ne taimakon farko, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba.

Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne cutarwar da ke faruwa a cikin asibitin. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, majinyaci ɗaya cikin 10 na cutuwa yayin jinya, kuma fiye da rabin cutarwar ana iya kauce mata. A ɗakin da aka kwantar da mutum biyar daga mota guda, biyu suna da suna iri ɗaya, ledar jini ɗaya da aka saka wa wanda ba shi ba ta isa kisa. Hannun da ba a wanke ba tsakanin rauni da rauni, da majinyacin da aka tura gaba babu takardar da ta faɗi abin da aka ba shi da ƙarfe nawa, duk kurakurai ne da ba kuɗi ke hana su ba. Ɗalibin da ya san tsawa zai sha idan ya faɗi kuskurensa kuwa, shiru zai yi.

A watan Agustan 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, matakin da ya sauƙaƙa shiga asibiti amma bai shafi abin da ake tararwa a ciki ba. A nan ne ido ke komawa kan makarantar ENSP ta Damagaram da makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu: ko ɗalibinsu ya taɓa gwada buɗe hanyar numfashi da ɗaure jini da hannunsa, a gaban malami, kafin a tura shi koyon aiki a CSI da babu likita a cikinta.