Suna Linzami: Nasiha Ga Ƙannenmu Masu Gina Gidajen Yana

Yau zan ɗan ratse daga zancen littattafai da muka saba, in taɓo wata sana'a da na ga ƙannenmu sun fara runguma a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wato yi wa mutane rajistar suna a intanet da gina masu gidan yana. Yaro ya dawo daga bautar ƙasa, ya sayi 'yar kwamfutarsa ta gwanjo, ya riƙa zagaya makarantun kuɗi da ƙungiyoyin manoma da masu shagunan magani, yana cewa a ba shi dubu kaza ya buɗe masu shafi. Wallahi ina murna da wannan, domin ya fi zaman majalisa. Sai dai ni ma na taɓa yin sana'ar, har na jawo wa wani bawan Allah asara a cikinta, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana. Maganar tawa kuwa guda ɗaya ce: duk wanda ya shiga wannan harka ya sani amanar sunan mutane ya karɓa, zanen shafi da kwalliyarsa duk a bayan wannan suke.

Bari in fara da abin da yawancin masu ba da aikin ba su sani ba. Sunan gidan yana, wanda ke ƙarewa da .com ko .ng, ba a sayensa a mallake shi kamar gona. Hayarsa ake yi, kamar rumfar kasuwa, shekara-shekara. Akwai wata hukuma mai suna ICANN da aka kafa a Amurka a 1998, ita ke tsara dokokin sunayen a duniya. Kamfanin Verisign ne ke riƙe da kundin .com, mu kuma namu na .ng yana hannun ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005. Ban da hayar suna, akwai kuma hayar wurin ajiya a uwar garke, wato babbar kwamfutar da shafukan ke zaune a cikinta dare da rana. To mai makaranta a Faskari, idan ya ƙirgo kuɗi sau ɗaya ya miƙa, a zuciyarsa ya sayi abu ya gama. Yaron da ya karɓa kuma ba ya son ya ce akwai biya na baɗi, don kada ciniki ya watse. Daga nan ɓarakar take farawa.

Ga yadda abin ke tafiya a .com idan shekara ta cika ba a biya ba. Ana ɗaga wa mutum ƙafa na kwanakin da ba su wuce 45 ba, wasu kamfanonin ma ba sa kai haka. Daga nan sai kwana 30 na fansa, inda za ka iya karɓo sunanka amma da tara mai tsada. Sai kwana 5 na jiran sharewa. Bayan wannan sunan ya koma kasuwa, duk wanda ya riga shi ke da shi. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, kwana 80 ke nan idan an yi maka sassauci iyakar sassauci.

Yanzu mu dawo gida. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fito da matakan tsaro, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har da Funtuwa da Malumfashi da muke gudu can idan abu ya gagara a wurinmu. Sabis bai fara dawowa ba sai a watan Disamba. Wata uku ke nan, kusan kwana 90. Ka ga sunan da wa'adinsa ya cika a makon da aka ɗauke sabis, yana iya bin duk matakan nan uku ya ɓace kafin wayar mai shi ta sake ƙara.

Abin da ya same ni ke nan. Akwai wani dattijo mai makarantar kuɗi da na yi wa gidan yana, sunan makarantar na .com, an buga shi a allon bakin ƙofa da takardun shiga da katin sakamakon ɗalibai. Na yi rajistar da imel ɗina, ban rubuta ranar cikar wa'adi a ko'ina ba, na dogara da cewa kamfani zai aiko mani da tunatarwa. Sun kuwa aiko, ba sau ɗaya ba. Amma a wancan lokaci idan mutum ya samu ya fita Zariya ya kama sabis, abin da ke gabansa shi ne ya kira 'yan uwa ya ce muna raye, ya cire kuɗin cefane, ya kamo hanya kafin la'asar. Wa ke ta imel? Da sabis ya dawo na buɗe shafin, sai na tarar da tallar caca da wani harshe da ban taɓa gani ba. Ranar da na je gaya masa, dattijon nan bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ai ni na ɗauka a hannunka yake." Har yau wannan kalma ba ta bar ni ba. Da sauƙi in ɗora laifin a kan 'yan bindiga ko a kan gwamnati, amma gaskiya sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni na tsaga bangon.

Saboda haka, ƙannena, ga abin da nake ganin ya zama wajibi a kan mai wannan sana'a a irin ƙasarmu. Ka yi rajista da sunan mai kayan da imel ɗinsa, ka rubuta masa kalmar sirri a takarda ya adana tare da takardun filinsa. Na san wasu da gangan suke sa sunansu, don kada mai kayan ya koma wurin wani. Wannan riƙe mutum ne da igiya, kuma cin amana ne ko da an kira shi dabarar kasuwa. Ka tuna kai ma kana iya samun aiki a Abuja ka tafi, ko ka kwanta ciwo, ko kuma, Allah Ya tsare, a tare ka a hanya, wanda a yankinmu ba tatsuniya ba ce. Sannan ka sami littafi na takarda, irin na masu shago, ka rubuta ranar cikar kowane suna. Ka lallashi mai kayan ya biya shekara biyu ko uku a dunƙule, tunda doka ta yarda a biya .com har na shekara 10. Ka kuma sami amintacce a Kano ko Kaduna ko birnin Katsina da zai iya biya a madadinka ranar da aka sake ɗauke sabis.

Akwai kuma batun dala. Farashin .com da dala ake yanka shi. A farkon 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya yi wa mutane alkawarin farashi ɗaya na dindindin, aljihunsa ne ya ji a jikinsa, ko kuma ya yi shiru ya bar sunayen suka mutu. Ni a ganina ƙungiyar manoma ta Sabuwa ba ta da wata buƙata da .com. Sunan .com.ng ko .org.ng da naira ake biyansa, ya fi araha, kuma yana nuna daga inda ka fito.

Na san wani zai ce, malam duk wannan wahala ta mece ce, ga Facebook ga WhatsApp kyauta? Ina tare da shi rabi. Mai sayar da turaren wuta ko atamfa, wadda abokan cinikinta duk suna cikin wayarta, zalunci ne ka karɓi kuɗinta ka gina mata gidan da ba mai shiga. Ka gaya mata gaskiya, gobe za ta turo maka wanda yake da buƙata. Amma makaranta da asibiti da ƙungiya da marubuci mai son aikinsa ya daɗe, su tuna kayan aro ba ya rufe katara. Mu masu rubutun Hausa mun gani da idonmu. An rufe GeoCities a 2009, an rufe Yahoo Groups a 2020, rubuce-rubuce da muhawarori na shekaru suka bi ruwa. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu kasuwa a can suka yi ta hamma. Wanda ke riƙe da sunansa kuwa, idan wannan uwar garke ta rushe sai ya kwashe kayansa ya koma wata, adireshinsa na nan yadda jama'a suka san shi.

Sai kuma masu mafarkin dillancin suna. Sun ji labarin an sayar da business.com dala miliyan 7.5 a 1999, an sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019, sai su tara sunaye goma suna jiran Bature ya zo. Shekara na zagayowa haya ta cinye jarin. Mafi muni su ne masu rigan makaranta ko masarauta ko ɗan kasuwa yin rajistar sunansa, su zauna suna jira ya zo ya fansa. Haba jama'a! Mu da muka san ɗacin kuɗin fansa a gidajenmu, mu ne za mu koma yin garkuwa da sunayen juna?

Dalilin da ya sa na damu da wannan ƙaramar sana'a har na cika ku da surutu shi ne, Bahaushe ya ce suna linzami. Ka rubuta Ƙanƙara a Google ka gani. Abin da zai fara fito maka shi ne daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. Ka rubuta Faskari ko Sabuwa, labarin hari ne da jana'iza. Ba ƙarya aka yi mana ba, abin ya faru, kuma mu muka binne mutanenmu. Amma farar ƙasar Ƙanƙara fa? Kasuwar Sheme fa? Masara da dawa da auduga da ake lodi daga wannan yanki zuwa ko'ina a Najeriya fa, da malamai da ɗaliban da suka koma aji duk da abin da ya faru? Ɗan jaridar Legas ko na Landan ba zai zo ya rubuta wannan ba. Yaron nan mai kwamfutar gwanjo shi zai yi, shafi bayan shafi, idan shafukan nasa suka rayu suka wuce shekara guda.

Dattijon da na ba ku labari, daga baya mun yi masa sabon suna na .ng, da sunansa da imel ɗin babban ɗansa, aka sake fentin allon bakin ƙofa da kuɗina. Ranar cikar wa'adin tana rubuce a bangon ofishinsa, kusa da jadawalin jarrabawa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, wassalam.