Gurgu Ba Allon Talla Ba Ne



Da zarar an ce an fara zagayen ɗigon rigakafin shan-inna, sai zaurukanmu na WhatsApp da Facebook su kaure da musu, wasu na cewa a yi, wasu na cewa kada a yi. Mu matsayinmu a fili yake: a fito da yara a ɗiga musu. Amma akwai ɗabi'ar da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kanta, kuma ta ishe mu. Kowa ya mayar da naƙasasshe sandar dukan abokin gardama.

Mai goyon bayan rigakafi zai ga bawan Allah yana jan jiki a bakin titin Agege, ya ɗauke shi hoto ba sallama ba neman izini, ya saka a zaure ya ce ga makomar ɗan duk wanda ya ƙi. Wai shi wayar da kai yake yi. Mutumin nan yana da suna, yana da iyali, kuma 'ya'yansa ma suna riƙe da waya. Mai adawa kuma ya hau TikTok yana ɗingishi yana karkace baki, wai haka allura ke mayar da mutum, a ƙasa ana ta dariya. Ɗaya ya mayar da shi dodo, ɗaya ya mayar da shi abin wasa.

To mu tambayi mai hoton, laifin wa ne? A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, cutar kuwa ta bazu har Yaman da Indunusiya. Tsoron mutane yana da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba. Sai dai waɗanda ƙafafunsu suka shanye a shekarun nan jarirai ne a goye. Manya suka yi gardama, su suka biya. Yau sun girma, kuma mu ne muke yawo da hotonsu kamar su suka ƙi.

Abin da masu hoton ba sa faɗa shi ne, waɗanda cutar ta naƙasa suna cikin waɗanda suka kore ta. A Kano da Sakkwato da sauran wurare sun bi gida-gida a kan kekunansu suna lallashin iyaye, da bakinsu, da yardarsu. Uban da ya kori ma'aikacin lafiya yakan ji nauyin korar su. An ga kamuwa ta ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗigon ne saboda wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba.

Lokacin korona ma mun gani. Da aka rufe Legas ranar 30 ga Maris 2020, maganar da ake kwantar wa juna hankali da ita ita ce ai tsofaffi da masu fama da ciwo kawai take kashewa. "Kawai", kamar ba iyayen wasu ba ne. Aka ce a ba da tazara, ba wanda ya tambayi yadda makaho zai yi da ɗan jagoransa. Aka kafa bokitin wanke hannu a kan tebur, wanda ke tafiya da hannuwansa a ƙasa, wanda ya fi kowa buƙatarsa, bai kai ba. Sanarwa kuwa ko saƙon murya ne da kurma ba zai ji ba, ko hoto mai rubutu da wayar makaho ba za ta karanta masa ba. Har gobe haka muke turawa.

Tun Janairun 2019 akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu naƙasa wariya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Jihar Legas ta riga ta yin tata. Ba ma fatan sai an kai wani kotu kafin ya ji kunya.

Don haka muna kira ga masu kula da zaurukanmu: duk hoton naƙasasshe da aka saka ba da yardarsa ba a goge, duk bidiyon kwaikwayonsa a goge, ko mai shi babban mutum ne. Sanarwar lafiya ta zo a rubuce kuma ta zo da murya. Kafin zagaye na gaba a gayyaci Sarkin Guragu da Sarkin Makafi da shugabannin kurame, har da 'yan uwanmu na Okobaba a Ebute Metta, su zauna a taron shiri tun daga farko, a yi shi a ɗakin ƙasa inda keke zai iya shiga.