KAN INJI ANA GYARA SHI, AMMA TANKI BA A YI MASA FACI

Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun yau, magana ce da ta hana ni barci kwana biyu.

Ranar Asabar da ta wuce na je gida Rimin Gado duba Inna. Kafin in ƙarasa sai na biya wajen ƙanina, mai faci ne a bakin titin Kano zuwa Gwarzo. Na tarar da shi ya zabga tagumi, yaransa biyu na zaune a kan tsohuwar taya, injin ba da iska kuma a kashe. Ina tsaye wani mai a-kori-kura ya gaji da jira, ya tura motarsa gaba.

Na ce lafiya? Ya ce, "Yaya, injin nan ya gama da ni. Da kafin in sha shayi tanki ya cika, yanzu sai ya ninka lokacin nan uku. Ga baƙin mai yana biyo tiyo. Jiya kuma na ji ƙasan tankin yana tsiyayar iska."

Na durƙusa na leƙa. Wata 'yar huda ce kamar ta allura, jan ruwa mai tsatsa yana ɗiga ta wurin.

Mutum uku sun riga ni ba shi shawara. Bakanike ya ce a canza ringi da bawul. Mai walda ya ce a kawo tankin ya ɗiga masa wuta, aikin minti goma ne. Wani abokinsa kuma ya ce ya rabu da tsohon ƙarfe, ya ci bashi ya sayo sabo dal. Kowannensu na da gaskiyarsa, amma ɗaya daga cikin shawarwarin nan uku tana iya kashe mutum.

Bari in fara da sayen sabo, tunda shi ya fi daɗin faɗa. Mun tambayi kuɗin sabon inji cikakke, wallahi ya haura albashina na wata uku, ni da na yi shekaru ina aikin gwamnati da digirina. Kuma kowa ya san dalili. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Injinan nan kuwa ba a Sharaɗa ko Bompai ake ƙera su ba, shigo da su ake yi, akasari daga Sin. Dala ta motsa, su ma sun motsa. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano naira 71,000 ne, to mai faci da ba shi da ko wannan ɗin, ina zai kama? Duk wanda ya ce wa talaka "kawai ka sayi sabo" a wannan zamani, ko dai bai je kasuwa ba kwanan nan, ko kuma ba daga aljihunsa kuɗin za su fita ba.

Sannan ba kowane sabo ba ne ya fi tsoho. Kan injin ƙanina irin na da ne, baƙin ƙarfe mai nauyi, marigayi Babanmu ne ya saya masa lokacin da ya samu 'yancin kansa daga wajen ubangidansa. Wasu sababbin da muka gani, da hannu ɗaya za ka ɗaga kan. Da tsohuwar zuma ake magani.

To a bar shi haka a ci gaba da lallaɓawa? Wannan ita ce hanyar da ta fi kowacce tsada, sai dai ba a ganin tsadar don kaɗan-kaɗan take cin mutum. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 kuma ta haura 1,000. Injin da ke ninka lokacin cika tanki sau uku, fetur ɗinsa ma ninki uku yake sha a kan iska ɗaya. Wato ƙanina gidan mai yake yi wa aiki bai sani ba. Wani zai ce ya koma mai amfani da lantarki. Ku tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Mai sana'ar bakin titi ba zai jingina abincinsa da wannan ba.

Saura gyara kenan. A nan ne nake so a fahimce ni da kyau, domin abin da muke kira injin iska abu uku ne aka haɗa. Akwai ƙaramin injin fetur mai juya bel. Akwai kai, inda fistin ke matse iska. Sai tanki mai ajiye ta.

Biyun farko a gyara su sau goma ma ba laifi. In baƙin mai na biyo iska, galibi ringi ne ya cinye. In ka sa tafin hannu a bakin da yake shaƙar iska ka ji yana huro ta waje, bawul ne ya daina rufewa. In yana ƙugi amma geji ba ya hawa, duba bel ko ya saki, duba gasket, sannan ka shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa ka ga inda zai yi kumfa. Duk waɗannan ana samun kayansu a Kano, daga Ƙofar Ruwa zuwa Sabon Gari, kuma muna da masu hannu da za su mayar da shi garau. Ni dai ma'aunina shi ne, muddin ana samun kayan gyara, kuɗin bai kai rabin na sabo ba, kuma ba wuri ɗaya ake ta komawa duk wata ba, to a gyara. In gyaran ya ƙi, abin da aka rasa kuɗi ne, kuɗi kuwa ana sake nema.

Tanki fa ba haka yake ba. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da danshi, balle yanzu da damina. In aka matse ta ta huce a cikin tanki, danshin sai ya zama ruwa ya kwanta a ƙasa. Shi ya sa masu ƙera shi suka sa ɗan famfo a gindinsa, don a riƙa zubar da ruwan kullum bayan an tashi aiki. Na tambayi ƙanina yaushe rabonsa da buɗe nasa, sai ya yi dariya, ya ce tun da ya cije bai sake taɓa shi ba. Shekara da shekaru kenan tsatsa tana cin ƙarfen daga ciki, waje kuwa fenti ras. Hudar da muka gani ba ita kaɗai ba ce, ita ce dai ta riga sauran fitowa. Duk kewayenta ya riga ya zama siriri, in aka sa masa wutar walda zafin zai ƙara raunana gefen ɗinkin.

Ga ɗan lissafi. Tayar ƙaramar mota geji 30 zuwa 35 take sha, ta babbar mota kuwa tana kai 100 ko fiye, don haka mai faci yakan bar tankinsa ya hau wajen 115 zuwa 120. A wannan matsin, kowane murabba'in santimita ɗaya na jikin tanki yana ɗauke da nauyin kusan kilo 8. Murfin tankin da faɗinsa ya kai santimita 40 yana tare da kusan tan 10 kenan. Buhun masara ɗari, mai kilo ɗari-ɗari, suna tura ƙarfen da ya zama kamar gwangwanin madara. Ranar da ya gaza ba tsiyaya zai yi ba, tarwatsewa zai yi. Su wa ke kusa da shi? Yaran nan biyu masu koyon aiki, da ɗan acaɓan da ya tsaya shan iska, da yarinya mai tallar gyaɗa da ta fake a inuwar rumfar.

Na ce wa ƙanina, kai da kanka in aka kawo maka tayar da ta tsage a gefe, kana yi mata faci? Ya ce a'a, ai sai dai mai ita ya haƙura, don za ta fashe da shi a hanya. Na ce to tankinka ma a gefe ya tsage.

Bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yaya, kai ƙarshen wata alat zai shigo maka. Ni in ban tayar da injin nan yau ba, ba a ɗora tukunya a gidana. Kuma wane da wane duk an yi wa nasu walda, ga su nan suna aiki. Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa."

Maganar ta dake ni, don rabinta gaskiya ce. Yana da sauƙi mai albashi ya yi wa mai neman na yau wa'azin haƙuri. Amma waɗanda nasu bai fashe ba tukuna ba hujja ba ne, kuma tawakkali daban, sakaci daban. Abin da na gane shi ne, in zan hana shi walda, to dole in sa hannu a aljihu, ba in tsaya a baki ba.

Ga yadda muka ƙare. An canza ringi da bawul da gasket, an wanke kabureto, an sa sabon bel. Tanki kuma muka sayi wani. Ni na kawo wani abu, ya karɓi kwasar adashinsa da wuri, Inna ma ta ce a sayar da tunkiyarta ɗaya, muka hana ta, ta ƙi hanuwa. Gaba ɗaya abin bai kai rabin kuɗin sabon inji ba. Kafin a ɗora shi sai da aka cika shi da ruwa aka matsa ya wuce inda zai riƙa aiki, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in akwai rauni tsiyaya kawai zai yi. Duk inda za ku sayi tanki ku nemi a yi muku haka, don tsohon tanki da sabon fenti ba a gane shi da ido.

Tsohon kuwa na hana a sayar wa 'yan gwangwan, kada ya zaga ya faɗa hannun wani mai facin. Muka sace iskar tas, aka raba shi biyu. Jama'a, da kun ga cikinsa! Tsatsa tana ɓarewa kamar ɓawon rogo, wani wurin da ɗan yatsa ƙanina ya danna ya lotsa. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Yanzu rabin ya zama kwamin ruwan da yake gwada tub a ciki.

Abin da ya rage mini shi ne tambaya. Dokar masana'antu ta ƙasar nan, ta 1987, ta yi maganar irin wannan tanki: a sa masa geji da bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa, a kuma riƙa duba shi lokaci-lokaci. Amma rumfar mai faci a Gulu ko Jili ko Yalwan Ɗanziyal, wa zai je ya duba? Ni ma'aikaci ne, na san takarda ba ta tafiya da ƙafarta. Shi ya sa nake ganin masu sana'ar su ne za su fara. Ƙungiyoyinsu su sa rana ɗaya a shekara, kafin damina, a gwada tankin kowa da ruwa, a kuma yi adashi na musamman don canza wanda ya gaza. Masu rabon kayan sana'a lokacin siyasa su ma su sani, tanki mai kyau guda ɗaya ya fi buhun shinkafar da za a cinye a sati biyu.

Ku kuma masu ababen hawa, in kun tsaya shan iska ku ɗan kalli tankin. In kun ga tabon walda a cikinsa, ko an ɗaure bawul ɗin sakin iska da waya don wai yana damun mutane da ƙara, ku ja baya, ku yi wa mai shi magana cikin mutunci. Wanda yake da ɗan'uwa mai faci ko mai fentin mota, don Allah ya karanta masa wannan, ya kuma tambaye shi yaushe rabonsa da zubar da ruwan tanki.

Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya sa albarka a sana'o'inmu.