Kumbon da ya ɓace saboda bambancin mudu

In dare ya yi, makiyayi ba ya ganin saniyarsa, amma da kukanta yakan san inda take. Haka masana suke bin kumbon da aka harba zuwa wata duniya. In ya yi nisa ido ba ya kai gare shi. Da radiyo ake kiwonsa.

Amurka tana da manyan faya-fayan saurare wuri uku: Kalifoniya, Madrid ta Ispaniya, da Kanbera ta Ostaraliya. Mafi girmansu faɗinsa mita 70. An raba su haka don in ƙasa ta juya, wani ya karɓi wani.

Ga yadda ake yi. Sai a aika kira, kumbo ya maido shi, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Saƙon radiyo yana cin kilomita 300.000 cikin daƙiƙa ɗaya. In an ƙidaya lokacin zuwa da dawowa, an san nisa. Gudunsa fa? Wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Maradi zuwa Damagaram ya san ƙarar babbar mota: in tana tahowa siririya ce, in ta wuce sai ta yi kauri. Muryar kumbo haka take sauyawa. Ana tara wannan awo kwana da kwanaki, a haɗa da jan da rana da duniyoyi suke yi masa, a fitar da hanyarsa.

To amma lissafi sai da mudu ɗaya. Cikin Disamba 1998 Amurka ta harba kumbon Mars Climate Orbiter don ya duba yanayin duniyar Mars. Yana da ƙananan injuna masu gyara masa zama. Maƙeransa suna ba da ƙarfinsu da ma'aunin Ingilishi, masu lissafin hanya kuwa sun ɗauka ma'aunin mita da kilo ne. Ɗaya na farko ya fi huɗu na biyun. Kamar mai hatsi ne ya auna da babbar tiya, mai rubutu ya ɗauka ƙarama ce.

Wata tara kuskure yana taruwa. Masu bin sawu sun ga awon radiyo bai dace da lissafi ba, sun kuma faɗa, amma ba a bi maganar har ƙarshe ba. Nan babban laifin yake.

Ran 23 ga Satumba 1999 kumbon ya kusanci Mars har kamar kilomita 57, alhali ƙasa da 80 ba ya tsira. Ya shiga bayan Mars, radiyonsa ya yi shiru. Ba a ƙara jin muryarsa ba.